Tafkin Korle na Akara da ruwan ƙazantar gari: tambayoyi da amsoshi

Wai shi Korle ɗin nan tafki ne ko kwata?

Tafki ne, irin na bakin teku da ake ce wa lagun. Kogin Odaw ne ke zuba a cikinsa kafin ruwan ya faɗa teku. Mutanen ƙabilar Ga ta Akara suna girmama shi sosai a al'adarsu, da can har kamun kifi ake yi a ciki. Amma yau duk wanda ya bi ta wajen Agbogbloshie ko Old Fadama hancinsa ne zai fara ba shi labari, kuma 'yan uwanmu na Sabon Zongo ai maƙwabtansa ne.

Me ya sa lagun ya fi teku saurin lalacewa?

Nan ne gizo ke saƙa. Lagun ba shi da zurfi, bakinsa da ke haɗe da teku ƙarami ne, yashi ma kan toshe shi, to duk abin da ya shigo sai ya kwanta ya ƙi fita. Ruwan masai da na wanke-wanke suna ɗauke da sinadarin naitirojin da fosfaros, wato taki kenan a cikin ruwa, sai gansakuka ta yi ta yaɗuwa, in ta mutu bakteriya su hau ruɓar da ita tare da sauran ƙazantar, su shanye iskar oksijin ɗin ruwan kaf. Kifi ya rasa numfashi ya mutu. Warin ruɓaɓɓen ƙwan nan da ake ji alamar ruwa ne da ba sauran iska a cikinsa.

To ba a tace ruwan ne kafin ya shiga?

Ana yi, amma kaɗan. Akwai matatar Mudor da ke kusa da tafkin, inda bakteriya ke cinye ƙazanta a manyan tankunan da iska ba ta shiga, har a samu gas. Matsalar ita ce gidaje ƙalilan ne a Akara ke haɗe da bututun kwashe ƙazanta, yawanci sokawe ne ko masai na haya, ruwan wanka da wanki kuwa kwata kai tsaye, daga Nima da sauran unguwanni sai Odaw.

Motocin kwasar masai fa, ina suke juyewa?

Shekara da shekaru a Lavender Hill suke juye shi ɗanye cikin teku, dab da bakin Korle. A 2016 aka buɗe matatar bahaya a wurin. Gaskiya wannan ci gaba ne babba, musamman in ka tuna kwalarar 2014 da ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, kuma Akara ce ta fi jin jiki.

Yashe tafkin ba zai wadatar ba?

An sha yashewa, laka da leda suna dawowa saboda ba a tare su daga sama ba. Kuma abin ya wuce maganar kifi, in Odaw ya cushe ruwan sama ba ya samun hanya. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya kiyaye na gaba. Ni a ganina kuɗin yashewa ya kamata a raba, a kai wani kaso wajen gina masai masu kyau a zanguna da kuma tare ruwan kwatoci a tace shi tun bai isa Odaw ba.