River, Stream, Creek: Yadda Turawa Ke Kiran Kogi, Rafi da Tafki

Mene ne bambancin river da stream?

Girma ne kawai, kuma ba wanda ya taɓa ɗauko igiyar awo ya yanke iyaka. River shi ne kogi, irin Neja da ya taso daga tsaunukan Gini ya yi tafiyar kilomita wajen 4,180 kafin ya faɗa teku. Stream kuwa rafi ne. Ƙasa da shi akwai brook, ɗan ruwan da yaro zai naɗe wando ya ratsa. Mutanen Scotland sukan ce burn, na arewacin Ingila su ce beck. Waɗannan biyun sani kawai ya isa, ba sai an kai su jarrabawa ba.

To creek fa? Wasu sun ce rafi ne, wasu sun ce a'a.

Duk sun yi gaskiya, wurin zaman mai magana ne ya raba su. A bakin Ba'amurke ko mutumin Ostireliya, creek ƙaramin rafi ne na ruwan daɗi, ko da yana tsakiyar ƙasa nesa da teku. A bakin mutumin Ingila kuwa wata siririyar hanyar ruwa ce da teku ke kutsawa cikin tudu, ta cika ta janye. Turancin Najeriya na Ingila ya gada. Shi ya sa idan jarida ta ce sojoji sun shiga creeks na yankin Neja Delta, tana nufin lungunan ruwan nan masu gishiri-gishiri da ke cikin dazukan gaɓar teku, inda sai da kwalekwale ake shiga. Mai fassarar da ya mayar da wannan "rafuka" ya sa mai sauraro a Kano ya hango inda ake wanki da shayar da shanu, alhali abin ya yi nisa da haka.

Wanne ne daidai, River Niger ko Niger River?

Duka biyun. Ingila kan sa River a gaba, kamar the River Thames, Amurka kuma ta sa a baya, kamar the Mississippi River. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne kan kalmar the. Sunan kogi da na teku suna ɗaukarta: the Benue, the Red Sea. Sunan tafki da ya fara da Lake ba ya ɗauka, Lake Chad ake cewa kai tsaye. Kogin da ke zuba cikin wanda ya fi shi sunansa tributary, mahaɗar kuma confluence, kamar ta Lokoja inda Binuwai ya haɗu da Neja. Daga nan Jihar Kogi ta samo kirarinta na Confluence State.

Lake da pond, a ina aka raba su?

Lake tafki ne, pond kududdufi ko ƙaramin tafki, sau da yawa ma wanda aka haƙa, kamar na kiwon kifi. Amma kada suna ya ruɗe ka. Caspian Sea tafki ne, mafi girma a duniya, ƙasa ta kewaye shi ta ko'ina. Dead Sea ma tafki ne, haka Sea of Galilee, wanda ruwansa na daɗi ne ma. Tsofaffin sunaye ne da suka kama baki. Kuma idan ka ji Bature ya ce across the pond, raha yake yi, Tekun Atlantika yake nufi.

Spring rijiya ce?

A'a. Spring maɓuɓɓuga ce ko idon ruwa, inda ruwa ke fitowa daga ƙasa da kansa, kamar Wikki na gandun dajin Yankari, mai ɗumin da ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina. Rijiya well ce, burtsatse kuma borehole, dukansu aikin hannun mutum.

Yaya ake cewa korama da fadama?

A nan Turanci ke gajarta. Ingila ƙasa ce da ake ruwan sama kowane wata, kogunanta ba su cika ƙafewa ba, don haka harshen bai tanadi sananniyar kalma guda ga ruwan da ke ambaliya a Agusta ya koma rairayi zalla a Maris ba. Sai dai a ce seasonal stream, ko a ari wadi daga Larabci, a kudu maso yammacin Amurka kuma arroyo daga Sifaniyanci. Gulbin Maraɗi ma seasonal river ake kwatanta shi.

Fadama ta fi wuya. Floodplain ta fi kusa, amma ba ta ɗauke da albasa da tumatir da noman rani da Bahaushe ke gani da zarar an ambaci fadama. Marsh ciyayi da laka ne, swamp kuma dausayi mai itatuwa tsaye cikin ruwa, babu wanda manomi zai yi murnar gada. A ganina gara a bar kalmar yadda take a ƙara ɗan bayani, kuma haka aka yi a shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa a Najeriya: ko a takardun Turanci, Fadama aka rubuta.