"Duniya ta Tara": ganin sawu aka yi, ba giwar ba

Duk sanda maganar "Duniya ta Tara" ta sake tasowa, sai ka ji mai karanta labarai ya gyara murya ya ce masana sun gano sabuwar duniya. Wannan "sun gano" ɗin ne ke ci min tuwo a ƙwarya. Har yau babu na'urar hangen nesa da ta hango ta.

A 2016 ne masana falaki biyu na jami'ar Caltech a Amurka, Mike Brown da Konstantin Batygin, suka lura cewa wasu ƙananan curin ƙanƙara da ke can bayan Neftun, duniya ta takwas daga rana, irin su Sedna, duk hanyoyinsu sun karkata gefe guda. Suka ce ruwa ba ya tsami banza, wataƙila wata ƙatuwar duniya ce ke jan su, mai nauyin tamu sau 5 zuwa 10, wadda sai ta yi dubban shekaru kafin ta zagaya rana sau ɗaya. Sunan wannan hasashe. Gurbin na taran ma ya samu ne bayan an tuɓe Fuluto daga jerin duniyoyin da ke zagaya rana a 2006, kuma da hannun Brown ɗin a ciki.

Ba raina lissafi nake yi ba. A 1846 Bafaranshe Le Verrier ya ga duniyar Uranus na kauce wa hanya, ya zauna da alƙalami, ya aika wasiƙa Balin cewa a duba wuri kaza. A daren da wasiƙar ta isa masanin falaki Johann Galle ya hango Neftun. To amma shi dai Le Verrier ɗin, a 1859, ya ga duniyar Mekuri ma na kaucewa, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Vulcan, har wasu suka ce sun gan ta da idonsu. Ashe babu ita. Sai a 1915 Einstein ya nuna cewa a dokar lissafin ne gyaran yake.

Masu shakka suna cewa karkatar nan ba mamaki daga inda aka fi dubawa ta samo asali, kuma ni na fi karkata gare su. Cibiyar hangen sararin sama ta Vera Rubin da ke ƙasar Chile ta fitar da hotunanta na farko a 2025, ita ake jira ta raba gardama.