Kafin ka ce makanike ya cuce ka, ko ka ɗauki sifana da kanka

Tambayoyin nan na gyaran mota iri ɗaya ake ta maimaita mini, yau wannan gobe wancan, har na haddace su. Shi ya sa na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

An ce in biya kaza. Ya yi tsada?

Babu mai iya amsa maka wannan daga jin adadi kawai. Wace mota ce, ƙirar wace shekara, wane inji, me aka ce ya lalace, kuma ta yaya aka gane? Koma ka ce a rubuta maka a takarda, a raba shi uku: kuɗin dubawa, kuɗin kaya, kuɗin aiki. Kowane kaya da sunansa da sunan kamfanin da ya ƙera shi. In ya ƙi rubutawa, ka riga ka samu amsarka.

Kayan ba su da wani tsada, me ya sa kuɗin aiki ya fi su?

Domin isa wurin da abin yake shi ne aikin. Ba a taɓa kuloci sai an sauke giyabos. Akwai 'yar robar da ke tare baƙin mai a bayan inji, kuɗinta ba ya kai na cika tanki, amma sai an raba inji da giya kafin hannu ya kai gare ta. Manyan gareji da yawa suna da jadawalin da ya ƙayyade awa nawa kowane aiki ke ci a kowace irin mota, da shi suke lissafi ko an gama da wuri ko an makara. Tambayi awa nawa aka rubuta maka, kuma nawa ne kuɗin awa ɗaya.

Na sa mata kwamfuta ta nuna lamba. Ba sai in sayi abin da ta ce in sa ba?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wannan soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wato OBD-II, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Abin da na'urar ke gaya maka shi ne inda kwamfutar motar ta ji ba daidai ba. Lambar P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa. Tana iya zama tiyo ne ya tsage yana jan iska, ko sensar auna iska ta yi datti, ko famfon mai ya yi sanyi. Sai ka ga mutum ya ruga ya sayi sabuwar sensar salansa, mai auna hayaƙin da ke fita, alhali ita ce kaɗai ta faɗi gaskiya a cikin lamarin. P0300 kuwa cewa take wuta na tsallake a inji, ba ta ce filogi ne ba, ba ta ce koyil ne ba.

Haka ma makanike. In ya sa kwamfuta ya karanto maka lamba, nan take ya yanka kuɗin kaya, bai duba motarka ba tukuna. Tambayarsa ɗaya ce: wane gwaji ka yi da ya nuna wannan ne ya mutu? Ku da ke ƙyashin biyan kuɗin dubawa, ku ne kuke biyan kaya uku kafin a dace da na huɗu.

Fitilar inji ta kama. In tsaya?

In ta tsaya cak ba ta ƙiftawa kuma mota na tafiya lafiya, kwantar da hankalinka, kai ta a duba cikin 'yan kwanaki. In tana ƙiftawa, sassauta ka nemi wurin tsayawa, ɗanyen mai ne ke wucewa yana ƙona matacin hayaƙi, shi kuwa tsada gare shi. Jar fitilar baƙin mai ko allurar zafi ta haye, kashe injin nan take. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

To me zan iya yi da kaina?

Waifa, fis, yawancin ƙwayayen fitila, filtar iska, filtar esi, duba iskar taya da baƙin mai. Batir ma, in za ka tuna cewa wayar da ke da alamar ragewa ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Mitar auna volt mai araha za ta raba maka gardama tsakanin batir da altaneta: lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, in an tayar kuma ya hau wajen 14. In bai hau ba, kada ka sayi batir tukuna.

Juyen baƙin mai ma ba gagara ba ne. Sai dai kada ka ɗaure notin ƙasan nan da ake kwancewa a zubar da tsohon mai kamar kana faɗa da shi, in haƙoransa suka cinye ka jawo wa kanka aikin da ya fi juyen tsada. Kuma ban yarda kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ba. Jak na ɗagawa ne. Sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a kan ƙasa mai tauri, an sa wa tayoyi waigi. Bulo yana fashewa ba gargaɗi.

Birki fa? Na kalli bidiyo, na ga ba wuya.

A bidiyo babu notin da tsatsa ta ci. Duk da haka, canza takalmin birki na gaba aiki ne da mai natsuwa zai iya, in akwai wanda ya taɓa yi a tsaye kusa da shi a karon farko. Ana canza na dama da na hagu tare, ba a yin gefe ɗaya. Sabo kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne, in ya sauko kusan 3 lokaci ya yi. In ka gama, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar, domin takun farko ƙasa zai tafi. Man birki na DOT 5 ba a haɗa shi da DOT 3 ko DOT 4. Na baya kuwa, in birkin ajiye motarka na lantarki ne mai maɓalli, bar shi, sai an sa shi yanayin gyara kafin a taɓa.

Akwai abin da kada in taɓa ko kaɗan?

Sifirin ɗin shokozoba, wayoyin jakar iska masu soket rawaya, gas ɗin esi, da manyan wayoyi masu launin ruwan lemo a motar da ke haɗa fetur da lantarki ko mai lantarki zalla. Waɗannan na ƙarshe ɗaruruwan volt ne a cikinsu. Awon da nake ba kowa shi ne ka tambayi kanka me zai faru in ka yi kuskure. In amsar ita ce za ka sake yi, bismillah. In amsar ita ce asibiti ko sabon inji, biya wani.

An buɗe motar, sai aka kira ni wai an ga wata matsala, kuɗi ya kusa ninkawa. In yarda?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa ɗaya. Wani lokaci cuta ce tsagwaronta. Wani lokaci kuma mutumin taimakonka yake yi, kai kana zaginsa a zuci.

Lamarin nau'i uku ne. Fara da tambayar ko sabon abin yana kan hanyar aikin farko. Misali, bel ɗin tayimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. Galibi ana canza shi tsakanin kilomita 90,000 zuwa 160,000 ko bayan wasu shekaru, littafin motarka zai faɗa maka naka. A injina da yawa wannan bel ɗin shi ke juya famfon ruwa, kuma duk abin da aka kwance don a kai ga bel, shi za a sake kwancewa in famfon ya mutu bayan wata shida. Ga shi in boris ɗin famfon ya cije yana iya tsinka sabon bel, a yawancin injinan zamani kuwa tsinkewar bel na nufin fistin ya daki bawul. To in an ce maka a haɗa da famfon ruwa da abin da ke ɗame bel, ni dai zan ce ka yarda, muddin kuɗin kaya aka ƙara maka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na aiki. In aka sake caje ka cikakken kuɗin aiki kamar daban aka buɗe, nan ka ja. Haka kuloci: tunda giya na ƙasa, boris ɗinsa da robar mai ta bayan inji lokacinsu ke nan. Filawil kuwa, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, musamman irin mai ɓari biyu, yana da tsada, kuma ana iya auna wasansa, don haka a auna a gabanka. Af, wasu injinan sarƙa gare su ba bel ba, ita kuma yawanci ba ta da wa'adin canji. Ka san wanne ne naka kafin a sayar maka da abin da babu shi.

Sai nau'i na biyu, abin da ba a iya gani sai an buɗe. Mota ta yi zafi, an ce gasket ne, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, an ɗaga kan inji sai aka tarar ya lanƙwashe ko ya tsage. Wannan ba laifin kowa ba ne, ko da yake makanike mai hankali zai gaya maka tun farko cewa hakan na iya faruwa. Lanƙwasa ana auna ta da miƙaƙƙen ƙarfe da siraran ma'auni, ba da ido ba. Notin da tsatsa ta cinye ya karye ma yana faruwa ga gwani. A irin wannan, gani ya kori ji. Je da ƙafarka, ko a turo maka hoto da bidiyo daga motarka, ba daga wata ba.

Na uku shi ne wanda ba ruwansa da aikin da ka kawo. Ka kawo birki, an ce shokozoba, an ce a wanke inji, an ce filta. Nan babu gaggawar da za ta hana ka cewa a gama abin da na kawo, sauran zan yi shawara. Ɗan danshin mai a jikin shokozoba ba mutuwa ba ce, zuba ita ce. Amma ko nan ba zan ce ka ƙi komai ba. Bol-joyin, wato gaɓar da ke riƙe taya, in yana wasa yana iya sakin taya a kan gudu, robar shaf da ta yage kuma in aka bar ta, ƙasa za ta shiga ta cinye abin da ya fi ta kuɗi nesa ba kusa ba. Tambaye shi, in na bar shi me zai faru, kuma yaushe? Mai gaskiya yakan ce wannan zai kai ka wata uku, wancan kuwa kada ka hau babbar hanya da shi. Wanda komai a wurinsa yau-yau ne, yi hattara da shi.

Abin da ke sa lamarin wuya shi ne motarka tana warwatse a hannunsa. Neman ra'ayin wani yana nufin ka biya a haɗa ta ko ka biya janwe. In ƙarin ƙarami ne kuma bayanin ya shiga hankali, sau da yawa yarda ta fi arha ko da zuciyarka ba ta kwanta sosai ba. In babba ne, kamar a ce sai sabon inji ko sabuwar giya, kuɗin janwe ba asara ba ne. Inda iyakar take tsakanin biyun, aljihunka da sanin da ka yi wa mutumin ne za su yanke. Gaba dai, kafin ka miƙa makulli, ku yi magana cewa ba za a wuce adadin da aka rubuta ba sai an kira ka, kuma a ajiye maka duk tsohon kayan da aka cire.

Gareji biyu, ɗaya ya ce rabin kuɗin ɗayan. In tafi wurin mai arha?

Duba ko aiki ɗaya suke magana a kai. Sau da yawa ɗaya bel kaɗai ya lissafa, ɗayan ya haɗa da famfo. Ko ɗaya sabon kaya, ɗayan na hannu. In komai daidai yake har garanti, tafi mai arha mana, me kake jira?

Dole ne sai kayan kamfanin motar?

Ba dole ba. Masu ƙera mota da kansu sayen kaya suke yi daga irin su Bosch, Denso, NGK, Aisin da Gates, su sa a kwalinsu. Abin tsoro jabu ne, mai suna a kwali babu komai a ciki. A birki, sitiyari, bel ɗin tayimin da sensa, kada ka nemi arha.

In sayo kayan da kaina in kai masa?

Kana iya, in ya yarda. Amma in kayan suka ba da matsala ko ba su shiga ba, kai za ka biya aiki sau biyu, kuma ba ka da bakin magana. Saya da lambar shasi, kada ka saya da "irin ta wane ce".

Na fara gyara da kaina na kasa. Kunya nake ji in kai gareji.

Haba ɗan'uwa, ba kai ne farau ba. Tattara notuna da duk abin da ka cire a leda, ka gaya masa ainihin abin da ka taɓa da abin da ka karya, domin ɓoyewa awoyin bincike take ƙara maka, kai kuma za ka biya su. In birki ko sitiyari ka kwance, kada ka tuƙa ta zuwa can, kira janwe.