Me ake nufi da dunƙulewar Bose da Einstein?

Idan mai shayi a Agege ya ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayi daga wannan kofi zuwa wancan, tururin da ke tashi shi ne ke tafiya da zafin, domin ƙwayoyin ruwan da suka fi saurin motsi su ne ke ficewa, su bar masu sanyin jiki a baya. Da irin wannan dabara masana kimiyyar fiziks suka kai iskar gas ga sanyin da ya haifar da abin da ake kira dunƙulewar Bose da Einstein, wanda labaran kimiyya kan yi wa laƙabi da hali na biyar na abu, bayan daskararre da ruwa da iska da filasma (iskar gas mai tsananin zafi irin ta jikin rana).

A wurin masanan, zafi motsi ne na ƙwayoyin zarra. Ƙwayoyin iskar da muke shaƙa a Legas suna gudun kusan mita 500 a cikin sakan guda, kuma duk yadda aka rage musu gudu, haka sanyi ke ƙaruwa, har a doshi iyakar da ba a wuce ta, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, wadda ita ce sifili a ma'aunin Kelbin. Ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 tana da nisa ƙwarai da wannan iyaka.

A shekarar 1924, Satyendra Nath Bose, malami a jami'ar Dhaka, ya aika wa Albert Einstein wata takarda kan lissafin ƙwayoyin haske. Einstein ya faɗaɗa lissafin zuwa ƙwayoyin zarra, ya kuma hango cewa idan sanyi ya kai wani mataki, yawancinsu za su faɗa hali guda, mafi ƙanƙantar kuzari. Dalilin yana cikin ilimin kwantam, wato ilimin ɗabi'ar abubuwa mafi ƙanƙanta: kowace ƙwaya tana da ɗabi'a irin ta igiyar ruwa, kuma yayin da take rage gudu igiyar tata tana ƙara faɗi, har igiyoyin maƙwabta su shiga juna, a rasa bambance wannan daga waccan, dubban ƙwayoyi su riƙa motsi tamkar abu ɗaya.

Sai bayan shekara 70 aka ga haka da ido. A ranar 5 ga Yuni, 1995, Eric Cornell da Carl Wieman, a garin Boulder na jihar Kolorado a Amurka, suka sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam kimanin 2,000 zuwa kashi 170 cikin biliyan ɗaya na digiri guda sama da iyakar. Bayan 'yan watanni Wolfgang Ketterle ya yi haka da sinadarin sodiyam a jami'ar MIT da ke Amurka, kuma su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2001.

Yadda ake aikin shi ne abin mamaki, domin ba firji ake amfani da shi ba. Ana zuba ƙwayoyin a cikin ƙaramar kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, a haska musu hasken leza ta fuskoki shida, ta yadda duk inda ƙwaya ta nufa sai ta ci karo da hasken da zai tura ta baya ya rage mata gudu. Wannan kaɗai bai isa ba, saboda haka sai a kashe hasken, a riƙe ƙwayoyin a tsakiyar kwalbar cikin tarkon ƙarfin maganaɗisu don kada su taɓa gilashin, sannan a riƙa rage gefen tarkon a hankali, masu zafi suna tsallakewa, kamar dai tururin shayin nan. Waɗanda suka rage gudunsu bai wuce 'yan milimita a sakan ba.

A ganina, laƙabin hali na biyar yana ɓatar da mai karatu, domin yana sa a zaci wani abu ne da za a iya ɗiba a hannu. Gajimare ne siriri da ya fi iskar ɗaki rashin kauri sau dubbai, kuma wannan rashin kaurin ne ke hana shi daskarewa nan take. Hatta hoton da aka saba ɗauka da hasken leza yakan tarwatsa shi, sai an sake haɗa wani.

Amfaninsa shi ne yana fito da ɗabi'ar kwantam inda kyamara za ta iya gani. A 1997 ayarin Ketterle ya haɗa gajimare biyu, hoton ya nuna layi-layi irin na igiyoyin ruwa idan sun gamu. A 1999 masaniyar fiziks Lene Hau ta ratsa haske ta cikin irin wannan gajimare na sodiyam, gudunsa ya sauko daga kusan kilomita 300,000 a sakan zuwa mita 17 kacal, wato kimanin kilomita 61 a awa, gudun da direban danfo zai wuce a kan gadar Third Mainland idan babu cunkoso. Tun 2018 kuma hukumar NASA ke gudanar da irin wannan gwaji a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda gajimaren ba ya faɗuwa ƙasan kwalba idan an sake shi daga tarko, don haka ake samun ƙarin lokacin kallonsa.