Ƙura, icce, moto da gurup: abin da ke ɓata iskar Yamai jiya da yau

Hazo na sauka kowace shekara, tambayoyin nan kuma su dawo yadda suke bara. Ga amsoshin wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, a miƙa masa wannan.

Malam, ba ƙurar hunturu ce duk matsalar ba?

A'a. Ƙura ce mafi yawa in nauyi za a auna, amma ita ce tsohuwa. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta daga Nuwamba zuwa Maris. Kakanninmu sun shaƙe ta. Abin da ya sauya shi ne hayaƙin da muka ɗora a kanta.

To me ya sauya?

Yawan mutane da abin da suke ƙonawa. A 1960 Yamai ba ta wuce mutum kusan 30,000 ba. Ƙidayar 2012 ta same ta da kusan miliyan ɗaya. A da hayaƙin gari na icce ne, da kara, da kashin shanu, da fitilar kananzir. Yau iccen na nan daram, sai dai an ƙara masa gawayi, da moto, da tsofaffin motoci, da gurup (injin ba da wutar lantarki), da leda. Sabo ne ke hawa kan tsoho, tsohon bai tafi ba.

Ba abin da ya ragu ke nan?

Akwai biyu. Dalma a cikin asansi: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ce ta rufe ƙofa a duniya a 2021. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, don haka wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Na biyu fitilar kananzir, wadda tocila da ƴar sola suka kora daga ɗakuna da yawa.

Masana'antu fa? Su ne ake zagi a rediyo.

Ku ƙirga su. Tashar kwal ta Anu Araren kusa da Agadas tun farkon shekarun 1980, siminti na Malbaza a jihar Tawa, matatar man Damagaram daga 2011, tashar wutar Gorou Banda daga 2017. Wanda ke zaune kusa da su yana da abin cewa. Amma matar da ke tuƙa tuwo a Boukoki ko Talladje, hayaƙin da ke shiga huhunta daga murhunta yake, taku ɗaya tsakaninsu, kuma da goyo a bayanta.

Hayaƙin mota duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma launinsa na faɗa maka ciwon. Shuɗi: injin na cin baƙin mai, galibi zobban fistan sun cinye. Baƙi: mai ya fi iska yawa, a fara da duba matatar iska, don ƙurar hunturu na toshe ta cikin ƴan makonni, in mai gazuwal ce a duba bakin feshin man. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi: ruwa na shiga inda bai kamata ba. Yawancin motocinmu sun ci zamaninsu a Turai kafin su sauka Kwatano ko Lome, wasu kuma an cire musu tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa an sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. Motar na tafiya lafiya, na bayanta ne ke biya.

Ranar da hazo ya rufe gari, in rufe ɗaki ko in buɗe? Ga ƙura a waje, ga sanyi, ga garwashi a ciki.

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da abin da ke ci a cikin ɗakin.

In babu wuta ko kaɗan a ciki, rufe. Toshe ƙasan ƙofa da tsumma, rataya zane mai ɗan laima a tagar da ke fuskantar gabas ko arewa. Zai kama manyan ƙwayoyin ƙura, ba zai kama ƙanana ba, kar a yi tsammanin abin da ba zai iya ba. Ƙananan su ne abin tsoro: waɗanda faɗinsu bai kai maikiron 2.5 ba, alhali silin gashi ɗaya ya kai kusan 70. Su ne ke wuce hanci su sauka can cikin huhu, kuma hayaƙi kusan duk irinsu ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsu a maikirogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a yini, 5 a matsakaicin shekara. Ɗakin girki da icce na ninka wannan sau da yawa.

In akwai garwashi a ciki, ko na shayi ne, lissafin ya juye. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Hayaƙin icce ko ba komai yana sa hawaye ya kore ka; gawayin da ya yi ja ba ya gargaɗi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci, kuma in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji haka tare, ba zazzaɓi ba ne: a fita da kowa waje nan take, a kai likita. Saboda haka a hura gawayi a tsakar gida, in an shigo da shi don ɗumama ɗaki a bar taga da ƙofa a ɗan buɗe su biyun, don iska ta ratsa, a kuma fitar da shi kafin a kwanta. Ƙurar dare ɗaya tari za ta sa. Garwashin dare ɗaya a rufaffen ɗaki yana kisa.

Sai lokaci. A hunturu, daga magariba zuwa hantsi iskar ƙasa na yin sanyi ta kwanta, hayaƙin girki da na motoci da na juji ya tsaya daidai kan mutane. Shi ne wannan farin labulen da ake gani kan unguwanni da bakin kogin Isa da yamma. Buɗe taga a lokacin shigo da hayaƙin maƙwabta ne. In za a shaƙata ɗaki, tsakar rana ta fi, sai dai in ranar ƙurar ta yi kauri har ba a hangen ƙarshen layi. To ranar a taƙaita, minti goma ya isa.

Gidan da ke da mai fuka, jariri ko tsoho, a matsa wajen rufewa, a kuma haramta wuta a ɗakinsu gaba ɗaya, har turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa. A ƙara bargo. Shara kuma a yayyafa ruwa tukuna, kayan ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kaɗe su mayar da ƙurar sama ne kawai.

Rawani ko gyale a hanci ya isa?

Ya fi babu. Mai tace ƙananan ƙwayoyi shi ne takunkumin FFP2 ko N95, in ya zauna a fuska ba gibi. Babu ɗaya cikinsu da ke tare iskar gawayi.

Gaz ba haɗari ba ne?

Ku kwantar da hankali. Tun da matatar Damagaram ta fara aiki gaz ya yawaita, kuma wajen huhu ya fi icce da gawayi nesa ba kusa ba. Harshen wuta ya zama shuɗi; in ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, kan murhun ya toshe, a wanke. Yoyo da ruwan sabulu ake gwada shi a jikin tiyo da mahaɗa, ba da ashana ba. Murhun Mai Sauƙi yana rage cin icce, amma hayaƙi na nan, a yi girki da shi a fili.

Gurup fa?

Da Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar a Agustan 2023 kowa ya ji ƙarar gurup-gurup ya shaƙi warinsu. A ajiye shi waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na kallon nesa da ɗaki. Zaure, shago a rufe da ƙarƙashin bene ba waje ba ne, ko da tsoron ɓarayi.

Sharar da ba a zo kwashewa ba, ba dole a ƙona ta ba?

Ganye da takarda wani abu ne. Leda, roba, taya, batir da tsumman nailan guba suke fitarwa, kuma da magariba kuke cinna musu wuta, daidai lokacin da hayaƙi ba ya tashi. Tun 2014 akwai dokar hana shigo da leda da sayar da ita a ƙasar nan, amma ga ta a kan kowace bishiya. Ku ware ta daban. Masu hura gawayi da ƙullin leda kuma, sannan su ɗora nama ko shayi a kai, su nemi kara ko ɓawon gyaɗa.