Waiwaye: Yadda ginin ƙasa ya dawo da darajarsa

Akwai lokacin da a ƙasar Hausa in mutum ya samu hali, abu na farko da yake yi shi ne ya rushe soron gado, ya tayar da bulo, ya rufe da kwano. Ginin ƙasa ya zama shaidar talauci. Abin takaicin shi ne ɗakin da aka kashe wa kuɗin ba ya kwantuwa da bazara sai da fanka, alhali soron da aka rushe, mai kaurin bango da rufin azara, yana riƙe sanyin dare har bayan azahar.

Yanzu masu zanen gine-gine a duniya sun dawo kan ƙasar, kuma da dalili. Sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ɗan'adam ke turawa sama, wanda ke dumama yanayi.

Wanda ya fara wannan fafutuka da gaske ɗan Masar ne, Hassan Fathy. A 1945 hukumar kayan tarihi ta ba shi aikin gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor, don a tashi mutanen da ke zaune kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Ya ɗauko magina Nubiyawa daga yankin Aswan, waɗanda suka iya naɗe rufi da tubalin laka zalla, ba katako ba ƙarfe. Aikin ya tsaya a 1948, mutanen kuma suka ƙi ƙaura. An daɗe ana ganinsa a matsayin wanda ya gaza.

Mu kuwa ilimin bai taɓa barin hannun maginanmu ba. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, da bakan gizo na ƙasa da azara aka ɗaure rufinsa. A Yama, cikin jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya soma ginin masallacin garin a 1962, jama'a na kawo ruwa da ƙasa, kowa da abin da ya iya. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Falke magini ne na ƙauye, kuma ina ganin ya cancanci mu san sunansa fiye da yadda muka sani.

Sai Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Ya gauraya laka da siminti kaɗan, ya ɗaga kwanon sama da silin yadda iska za ta ratsa ta kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine a duniya. A Dandaji ta Nijar ma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018.

Ƙasa dai tana da nata rauni. Damina na cin bango in ba a sabunta yaɓe ba, in indararo ya toshe rufi ya jiƙe. Magabata sun yi maganin haka da makuba ta ɗorawa da katsin marina, amma masu wannan sani suna tsufa, samari kuwa sun fi karkata ga koyon buga bulo.