Ciyawa ta bushe, maganin fa ina ya tafi?

Manomi ya yi feshin maganin ciyawa, bayan mako guda ciyawa ta yi jawur ta kwanta, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Mu malaman gona kuwa daga nan namu aikin yake farawa, domin ciyawar ce ta mutu, maganin yana nan.

Ƙananan halittun cikin ƙasa ne ke cinye shi sannu a hankali, su kuma sai da danshi da ɗumi suke aiki. Masu bincike kan auna tsawon lokacin da rabin magani ke ɗauka kafin ya lalace. Na atrazine, wanda aka fi fesawa a gonar masara, yakan kai kimanin wata biyu a ƙasar sama. Shi ya sa wani lokaci waken da aka shuka a bayansa ke fitowa a ƙanjame.

Babbar illar atrazine ita ce bai cika kama ƙasa ba. Ruwan sama ya zo, ko ya gangara da shi rafi, ko ya nutse da shi, musamman a jigawa. Can ƙarƙashi babu hasken rana, halittun nan ma 'yan kaɗan ne, sai ya yi zamansa shekara da shekaru. Jamus ta hana amfani da shi tun 1991, amma bayan shekara 20 masu bincike ba su daina tsintar burbushinsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004, saboda yana yawan haura iyakarta ta mikirogiram 0.1 a kowace litar ruwa (mikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Amurka har yanzu tana fesa shi, iyakarta a ruwan sha mikirogiram 3 a kowace lita. Wannan ƙanƙantar, ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ruwa garau ba shaida ba ne.

Glyphosate da paraquat, su ma magungunan ciyawa ne, amma halinsu daban, suna maƙale wa yumɓu. Amma idan zaizaya ta kwashi ƙasar, tare suke tafiya.

Don haka in hadari ya haɗu, a dakata da feshi. A bi ma'aunin da ke jikin roba. Ƙara murfi ɗaya "don ya fi ci" ba ya ƙara kashe ciyawa, saura kawai yake ƙarawa. A bar zirin ciyawa tsakanin gona da bakin rafi ya riƙa tare kwararar. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanke injin feshi a bakin rijiya ko cikin ƙorama. A ɗauraye robar sau uku, a juye ruwan cikin injin a fesa a gona, sannan a huda robar don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki.